Kafin alƙalami: kunyar da ke cinye jarin masu sana'a

Ranar da na leƙa shagon ɗan yayata, makonni kaɗan bayan zaɓen 2023, abin da idona ya fara sauka a kai shi ne ɗaurin fastoci guda huɗu jingine a kusurwa, ko igiyarsu ba a kwance ba. Fuskar wani ɗan takara ce a jiki, ƙura har ta fara hawa hularsa. Yaron yana gaban kwamfutarsa ya rafka tagumi. Shi ya gyara hoton, shi ya tsara rubutun, ya kwana uku yana sauya launi, domin duk wanda ya ga zanen a gidan ɗan takarar sai ya kawo nasa ra'ayin. Da aka amince, ya ɗauki kuɗin adashinsa ya kai maɗaba'a aka buga. Wanda ya kawo aikin ya kwashi rabi, ya ce za a turo kuɗi da yamma. Aka yi zaɓe, ɗan takarar bai kai labari ba, wayar ɗan aiken kuma ta daina shiga.

Na ce masa, "Nawa ka karɓa kafin alƙalami?"

Ya sunkuyar da kai. "Kawu, ai da nauyi. Abokin Baba ne ya turo shi, kuma ya ce kuɗi ba matsala ba ne."

Tun daga ranar nake lura da matasanmu masu zanen kwamfuta, waɗanda ke tsara katin gayyata da tambari da kalanda da sitikar da ake manna wa robar zoɓo. Nakan lura kuma da maƙwabtansu a sana'a: tela, kafinta, mai ɗaukar hoto, mai yin kek a gidan aurenta, mai haɗa turaren wuta. Na gamsu cewa abin da ya fi durƙusar da su yana faruwa ne a cikin minti biyar na farkon haɗuwa da mai kawo aiki, lokacin da ya kamata a yi maganar kuɗi, sai kunya ta rufe baki. Hannunsu ya iya aiki, wasunsu ma gwanaye ne. Bakin ne bai iya ciniki ba. Binciken da hukumar SMEDAN da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka yi ya nuna ƙanana da matsakaitan sana'o'i a Najeriya sun kusa miliyan 40, kuma mafi yawansu 'yan ƙanana ne ƙwarai. Irin waɗannan ba su da lauya, ba su da akawu, ba su da mai bin bashi. Mai sana'ar ne komai, don haka in ya yi shiru babu mai magana a madadinsa.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, maganin yana cikin gidanmu. Kalmar "kafin alƙalami" ba daga turai aka shigo da ita ba. Daga zauren malamai ta fito, inda ake ajiye wani abu kafin malam ya tsoma alƙalami a tawada, kuma ba wanda ya taɓa ɗaukar hakan a matsayin raini. A kasuwar Kurmi ko Kantin Kwari, mai saye yakan taya, mai kaya ya ce "albarka" ba tare da fuska ta ɓaci ba, a ƙara, a rage, har a kai ga sallama. Addini ma bai bar mu a duhu ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take da kafa masa shaidu. Da Manzon Allah (SAW) ya isa Madina ya tarar ana ba da kuɗin dabino tun kafin ya nuna, bai hana ba, sai ya shardanta a san awo, a san nauyi, a san wa'adi. Al'ummar da ta gaji wannan tarbiyya bai kamata ɗanta ya ji kunyar cewa "ga kuɗin aikina, ga ranar da zan gama" ba.

Matsalar mai zanen kwamfuta ta fi ta sauran, domin aikinsa ba ya da nauyi a hannu. Kafinta yana nuna katako, tela yana nuna yadi da zare. Shi kuwa mai zane, abin da mai kawo aiki ke gani shi ne yaro yana zaune yana danna-danna. Shi ya sa za ka ji ana cewa, "Ɗan haɗa mini mana, ai ba wani abu ba ne, minti biyar ka gama." Abin baƙin cikin, shi kansa yaron yakan yarda da haka, domin bai taɓa zama ya lissafa abin da zaman nasa ke ci ba.

To, mu yi lissafin tare, a matsayin misali kawai, kowa ya sa nasa alƙaluman. A ce hayar shago tana cin naira 15,000 a wata, data 15,000, wuta da man janareta 40,000, sufuri da ƙananan gyare-gyare 10,000. Kwamfutar da aka saya 360,000, in za ta yi shekara 3, to kowane wata tana cinye 10,000 na ranta, ko an gani ko ba a gani ba. An tashi 90,000 ke nan kafin a sa loma a baki. In mai sana'ar yana son ya kai 120,000 gida, dole shagon ya samar da 210,000. Yanzu sai a tambaya, awa nawa ne a wata ake biyan sa? Zaman jiran mai kawo aiki, zuwa maɗaba'a, amsa waya, jiran a kawo wuta, duk ba mai biya. In aka samu awa 4 ta ainihin aiki a rana, cikin kwana 25, awa 100 ke nan. Ashe kowace awa tasa ta tashi a kan 2,100. Tambarin da ya ci awa 6, da zance da gyare-gyare, kuɗinsa 12,600. Wanda ya karɓi 3,000 a kansa ya yi wa mai tambarin kyautar 9,600 daga aljihunsa, alhali yana murna ya samu aiki. Irin wannan ne ke sa ka ga shago kullum a cike, mai shi kuwa ranar da batirin kwamfutarsa ya mutu sai ya ci bashi.

Lissafin nan kuma ba na shekara ba ne, na kowane wata ne. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haye 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta zarce 1,000. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nema wa kanta daraja a kasuwa, dalar da gwamnati ke bayarwa a wajen 460 ta wuce 1,500 a 2024. A watan Afrilun 2024 kuɗin wutar masu rukunin farko ya koma naira 225 kowane ma'auni. Kwamfuta da tawada da akasarin takardar ɗab'i daga waje ake shigo da su, dala suke bi. Duk da haka na san masu sana'ar da har yau suke karɓar farashin da suka saba tun kafin wannan guguwa, don kada a ce sun sauya hali. Duk farashin da ya haɗa da kayan da za a sayo, a faɗe shi da wa'adi: "Alhaji, wannan kuɗin na mako guda ne, in ya wuce sai na sake jin kasuwa." Ɗan kasuwa na gaske ba zai ji haushin wannan ba, don shi ma haka yake sayar da nasa kayan.

Bayan farashi sai rubutu. Tun ran gini tun ran zane. Ba a bukatar takarda mai hatimi. Saƙo ɗaya a WhatsApp ya wadatar, muddin an tura shi kafin a fara aiki kuma an amsa. Ga irin wanda nake nufi: "Hajiya, barka da yamma. Abin da muka tsayar: katin gayyata ɗaya da sitika ɗaya, kuɗi kaza, rabi yanzu rabi ranar karɓa. Zan turo samfuri ranar Laraba. Gyara sau biyu yana cikin kuɗin, na uku da kuɗinsa daban. In kin amince ki amsa mini." Wannan gajeren saƙo yana kashe rigimar wata guda. Maganar gyara ita ce ta fi muhimmanci a ciki, domin a nan lokacin mai zane ke zurarewa: amarya ta ce ruwan hoda, uwarta ta ce ruwan zuma, ƙanwar ango ta ce a ƙara fure. In an san gyara biyu ne kawai, su da kansu za su zauna su haɗa baki kafin su turo.

Akwai wasu abubuwa biyu da ya kamata su shiga rubutun. Na farko, kada a kai komai maɗaba'a sai mai aikin ya karanta sunaye da kwanan wata da lambar waya da idonsa, ya rubuto cewa a buga. Kuskuren harafi ɗaya a kati 500 asara ce da wani zai ɗauka, kuma gara a san mai ɗaukarta tun da wuri. A kuma gaya masa cewa launin da yake gani a fuskar waya haske ne, na takarda kuwa tawada ce, ba sa zuwa daidai. In aikin babba ne a buga gwaji ɗaya ya gani. Na biyu, a fayyace abin da aka sayar. Hoton zanen da aka gama daban, asalin fayil ɗin CorelDRAW ko Photoshop da za a iya buɗewa a sauya daban. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta ɗora haƙƙin aiki tun farko a kan wanda ya ƙirƙire shi sai in an yi wata yarjejeniya, kuma miƙa wannan haƙƙi ga wani sai da rubutu. Mai kamfanin da ke son tambarinsa ya zama nasa ɗungurungum yana da gaskiya, sai dai ya biya kuɗin hakan, a rubuta.

Sai kafin alƙalamin kansa. Ra'ayina shi ne rabin kuɗin aiki, tare da cikakken kuɗin duk kayan da za a sayo. Mai sana'a ba banki ba ne, kada ya zuba jarinsa a takardar wani ko yadin wani. Samfurin da zai tura kafin a cika kuɗi, ya shimfiɗa sunansa dishi-dishi a kansa, ya rage masa kaifi, yadda ba za a iya bugawa ba. In an ce an turo kuɗi, ya buɗe asusunsa ya gani da idonsa, domin hoton rasit da saƙon alat duk ana ƙirƙirar na bogi. Aikin siyasa kuwa, da na duk wani taro mai rana ɗaya, a biya duka kafin a buga. Dalilin a fili yake: kati ko fasta ba su da wani amfani washegarin ranarsu, kuma mutum ba ya ɗokin biyan kuɗin abin da ya riga ya wuce. Ga zaɓen 2027 yana tafe, masu kawo irin aikin da ya cinye adashin ɗan yayata za su sake fitowa, da manyan riguna da daɗin baki.

Kuɗi in sun shigo, wata jarrabawar ce. Iyayenmu 'yan kasuwa sun raba uwa da riba, kuma sun san wanda ya fara cin uwa ya kama hanyar gida. Yau asusu ɗaya ne a waya: nan kuɗin takardar Hajiya ke shiga, nan ake cire na cefane, nan ake tura wa ƙane kuɗin makaranta. Ranar da za a je maɗaba'a sai a tarar babu, a jira kafin alƙalamin wani a cike gurbin, a haka ake ta rufe rami da rami. Buɗe asusu na biyu yanzu ba ya ɗaukar yini, ko a banki ko a irin su OPay da Moniepoint. Ɗaya na sana'a, ɗaya na gida. Mai sana'a ya yanka wa kansa albashi, ya riƙa ɗauka ranar da ya tsayar, ya bar saura. A sami littafi mai bango mai ƙarfi a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita kowace rana, har kuɗin ruwan leda. Wata uku na wannan rubutu zai nuna wa mutum aikin da ke kawo masa riba da wanda ke shan jininsa. In sana'a ta fara tsayuwa, a yi wa sunanta rajista a hukumar CAC. Dokar kamfanoni ta 2020 ma ta ba mutum ɗaya damar kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai. Makarantu da ƙungiyoyi da kamfanoni da yawa ba sa son tura kuɗi asusun mutum, sai na sana'a mai rajista, kuma su ne masu aikin da ke maimaituwa.

Na san inda maganar ta fi tsauri, wato dangi da abokai. Ba zan ce a daina yi wa 'yan'uwa alheri ba, Allah ya kiyaye. Sana'ar da ba ta amfani dangi ba ta da albarka. Abin da nake cewa shi ne kyauta ta zama kyauta da saninka. Ka tsayar a ranka cewa aiki ɗaya ko biyu a wata na zumunci ne, ka yi shi da zuciya ɗaya, ka kuma faɗi darajarsa: "Yaya, wannan aikin 15,000 nake yin sa, amma gudummawata ce ta bikin." Ka samu lada, ya san abin da ka ba shi, gobe in zai turo maka abokinsa ya san farashin da zai faɗa masa. Kuɗin takarda da bugu kuwa ko ɗan'uwa ne ya kawo, don mai maɗaba'a ba danginku ba ne. Abin da ke ɓata zumunci shi ne aikin da aka bari a tsakiya, shi yana ganin kyauta ce, kai kana ganin bashi ne, shekara biyu ana gaisawa sama-sama. Wanda kuma ya saba cin gumin mutane da sunan sabo, Hausawa sun gama magana a kansa: kunyar mara kunya asara ce.

Wani matashi zai ce, "Malam, in na tsaya a kan wannan, gaba za su yi. Ga yaro can yana yi da waya a kan 1,000, ga Canva kyauta, ga manhajojin da ake gaya wa magana su zana hoto." Gaskiya ne, wasu za su tafi. Amma a duba lissafin da muka yi a sama: wanda ya tafi saboda an ƙi yi masa aikin 12,600 a kan 3,000, asara ce ta tafi. Gasar araha ba ta da ƙarshe, kullum akwai wanda yunwa za ta sa ya karya farashi fiye da kai. Abin da ya rage shi ne ka iya abin da araha ba ta iya ba. Sau nawa muka ga ƙyallen taro an rubuta "manyan baki" a inda ake nufin manyan baƙi, don salon harafin da aka zaɓa ba shi da ƙ da ɗ da ɓ? Sau nawa aka buga katin saukar karatu, haruffan Larabci sun rarrabu ko sun juya baya, saboda ba a saita manhajar ba kuma mai zanen bai lura ba? Mai zanen da ya san ƙa'idar rubutun Hausa, yake karanta Larabci da ajami, ya san girman da injin bugu ke bukata, ya san abin da dokar NAFDAC ke nema a jikin kwalin abinci, wannan yana da abin sayarwa da babu shi a manhajar kyauta. Ya zaɓi fanni guda ya yi suna a kai, ko kwalayen masu kayan ƙwalama, ko littattafan Islamiyya, ko tallan 'yan Kwari. Ya ajiye hotunan ayyukansa goma mafiya kyau a wuri guda, domin gani ya kori ji.

Sai dai in faɗi gaskiya ɗaya da ba za ta yi wa masu sana'a daɗi ba. Mutane ba haka kawai suke tsoron ba da kuɗi tun farko ba. Kusan kowane gida yana da labarin telan da ya karɓi ɗinki tun farkon azumi, daren Salla aka tarar ko yanka yadin bai yi ba. Akwai mai zanen da in kuɗi suka shiga hannunsa sai ya daina ɗaga waya. Waɗannan su suka ɓata wa na kirki suna. Kafin alƙalami igiya ce mai ɗaure mutum biyu, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya karɓi rabin kuɗi ya ɗauki amana. Kada ya taɓa su sai a kan aikin da aka bayar dominsa. In ya ga aiki zai ci kwana uku, ya ce biyar, ya kawo a huɗu. In wuta ko rashin lafiya suka kawo cikas, shi zai fara kira, tun kafin a neme shi. In hannunsa ya cika, ya ce ya cika, ko da kuɗin suna ba shi sha'awa. Mai sana'ar da aka san shi da cika alƙawari ba ya shan wahalar neman kafin alƙalami, da kansu ake miƙo masa.

Mu kuma masu kai aiki, mu ji tsoron Allah a kan yaran nan. Wanda ya zauna ya koyi sana'a maimakon zaman kashe wando ya cancanci a ƙarfafa masa gwiwa, kuma hanyar ƙarfafawar ita ce a biya shi haƙƙinsa a kan lokaci. Mu daina cewa "za ka samu suna" a madadin kuɗi. In muna iya biyan mai abinci da mai rumfa da mai kiɗa tun kafin ranar biki, mai katin ma yana da cikin da zai ci.

Kwanan baya na sake bi ta shagon ɗan yayata. Fastocin nan ya yanka su, yana amfani da bayansu wajen zana samfuri. Ina zaune wani dattijo ya shigo da aikin kalandar makarantarsu, suka gaisa, ya zayyana abin da yake so. Yaron ya jawo littafinsa ya yi ɗan lissafi, ya ɗago kai cikin ladabi ya ce, "Baba, kuɗin kaza ne. Za a ba da rabi da kuɗin takarda yanzu, in sha Allahu ranar Asabar ta sama a zo a karɓa." Dattijon ya taya, yaron ya ce albarka, ya ɗan rage abin da zai iya ragewa, suka daidaita. Dattijon ya zaro waya ya tura kuɗin, ya jira aka duba asusu, sannan ya miƙe yana gyara babbar rigarsa ya ce, "Madalla, ɗana. Allah ya yi wa sana'a albarka. Sai Asabar ɗin."